Jan Ƙyalle a Wuyan Barewa

Tun da na zo garin nan ban ji ƙarar turmi ba. Abin da ke tashina da safe shi ne injin wankin maƙwabta, da lifta tana hawa tana sauka, sai jirgin ƙasan nan nasu idan iska ta kaɗo ƙararsa. Wankan jegon surukata ne ya kawo ni Kuala Lumpur. Aka yi suna, aka gama wanka, jariri har ya fara zama, ni kuwa ina nan a wani bene mai tsawo a unguwar Danau Kota, ina leƙen motoci ta taga kamar tantabarar da aka manta da ita a ɗaki. Maigidan ɗana ne na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Karatun daji ne ya kawo shi ƙasar nan. Da ya fara gaya mini sai da na yi dariya, na ce dajin da muka baro a gida bai ishe ka ba sai ka hau jirgi ka je neman na wasu? Ya ce, “Hajiya, wane daji kuka bari?” Tambayar ta taɓa ni a inda bai sani ba.

Babbar ’yarsa sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. A nan ta yi wayo. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, in ta ga dama ta haɗa da yaren mutanen ƙasar, kuma duk maganar da za ta yi sai ta rufe ta da “lah”. Jin Hausa kam tana ji sarai, mayarwar ce ba ta so. Na yi ta neman hanyar da zan jawo ta jikina. Na gwada tatsuniya, Gizo bai iya ja da wayar uwarta ba. Na gwada dambun zogale, ta ce a sayo mata abinci a shagon da ke ƙasan benenmu. Sai ranar da na ambaci barewar da na taɓa renowa ina yarinya, ta ajiye waya ta matso har gwiwarta tana taɓa tawa. Daɗin wannan matsowar ne ya ruɗe ni. Abin da ya shiga tsakanin yarinyar nan da ubanta daga baya, bakina ne ya jawo shi, kuma shi nake so in faɗa.

A bayan garinmu akwai wani kurmi a bakin fadama. Ba wani babba ba ne, amma in ka shiga da rana tsaka sai ka ɗauka la’asar ta yi. Ɗinya da kanya da ɓaure da maɗaci sun haɗa kai a sama, ƙasa kuma ganye ne mai laushi da sanyi, ƙafa ba ta ƙara a kansa. Akwai idon ruwa a tsakiya. Mu ’yan mata can muke zuwa da tuluna bayan mun gama surfe, kuma kafin mu isa muna jin kurciya tana ta kukanta, da ƙarar ’ya’yan kanya suna faɗowa ɗaya-ɗaya. Daga gari ana jiyo luguden matan da suka makara da daka. In muka yi shiru sai mu ji wani ɗan taku, kaf-kaf, ya tsaya, ya sake. Bareyi ke nan sun zo shan ruwa. Su dube mu, mu dube su, kunnuwansu a tsaye, sai wata a cikinmu ta kasa riƙe dariya su watse. Yaran yanzu suna ganin dabba a waya har su ƙirga gashin idonta, amma ba su san warin wurin da barewa ta kwana ba, wani wari mai ɗumi kamar na ɗakin awaki, sai dai ya fi shi tsabta.

Mahaifina manomi ne, kuma shi ne babba a cikin maharban garin. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya zauna a kan buzunsa a zaure sai ka rantse fushi yake yi, alhali tunani ne kawai. Ni ce mai kai masa butar alwala, tun ina ɗaukarta da hannu biyu. Yana da wani aiki da yake sa mu kowace farkon damina. Duk tsohon kwando da ya huje a gari, duk akurkin kaji da aka daina amfani da shi, mu muke bi gida-gida mu tattaro. Sai ya shiga kurmi da mu, ya riƙa duba ƙasa, inda ya ga ’yan tsiron ɗinya ko kanya sun fito sai ya kifa kwando a kan wasu, ya danne da dutse, ya bar wasu a fili. Bayan kaka ya dawo ya ɗaga. In na cikin kwando da na waje sun yi kusan kai ɗaya, sai ya ce wa maharba bana a bar kurmi ya huta, a tafi dawa mai nisa. In na ciki ya kai gwiwa na waje kuwa an cinye shi har ƙasa, sai ya ce bakuna sun yi yawa, a shiga a rage. Na sha jin yana cewa, “Ku daina ɗaga kai kuna kallon manyan itatuwan nan, su sun riga sun ci zamaninsu. Ku sunkuya ku ga ko akwai masu zuwa.” Mu dai abin da ya dame mu a lokacin shi ne kunamar da ke ɓuya a ƙarƙashin tsofaffin kwanduna.

Akwai kuma wata al’ada da muka taras. In maharbi ya harbi barewa bisa kuskure ashe tana da ɗa, to ɗan ya zama nauyinsa. Ya kawo shi gida a rene shi da nonon akuya, a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. In ya girma ya koma kurmi da ƙyallensa, kuma babu maharbin da zai ɗaga masa baka, don taɓa shi daidai yake da shiga garken maƙwabci. Haka aka kawo mini tawa, wata ’yar mitsitsiya mai rawar ƙafa. Inna ta yago mini bakin wani tsohon ɗankwalinta ja. Da tsumma nake tsoma nono ina matsa mata a baki, a gefen tabarmata take kwana, in na tafi ɗiban ruwa tana bayana. Da ta girma ta koma cikin ’yan’uwanta, amma in na tsaya a bakin kurmi da ƙwaryar dusa na buga gindin ƙwaryar, sai ta fito ta ci a hannuna, in sabunta mata ƙyalle in ya tsufa. Nan na tsayar wa Uwata da labarin. Kullum ta ce in sake, kullum nan nake tsayawa, ita tana murna ni ina murna.

Shi kuwa ubanta, aikin da yake yi a wani daji ne da ke gefen birnin, wanda aka kewaye da shingen waya. Gidaje da tituna sun zagaye shi ta ko’ina, an bar shi a tsakiya da bareyinsa. Barewar ƙasar nan ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, ta kusa ɗan maraƙi, launinta kuma da duhu. Ranar hutu ana barin mutane su je bakin shingen su yi kallo. Ya kai mu sau da yawa, shi ya shige ciki da takalman robarsa da abokan aikinsa, mu ya bar mu a waje. Ranar farko da na leƙa ta cikin wayar, gabana ya faɗi. Itatuwa ga su nan dogaye har sama, kore shar, masu kallo suna ta ɗaukar hoto suna yabawa. Amma ƙasa fayau take kamar tsakar gidan da aka share, kana hango nesa ta tsakanin kututture, babu wani ganye daga ƙasa har zuwa inda bakin dabba ke kaiwa. Can gefe na ga wani ɗan keji na ragar waya, cikinsa cunkus da tsiro. Ba sai an gaya mini ko mene ne ba. Na san kwandon Baba ko da an yi shi da ƙarfe. Na gani, na gane, na kawar da kai na ci gaba da miƙa wa yarinya ganyen dankalin da take ba bareyi.

A cikin bareyin akwai wata da ta saba da Uwata, tana zuwa har bakin waya ta ci a hannunta. Wata ranar hutu da muka je, sai yarinya ta zaro wani jan ƙyalle daga aljihu. Na gane shi, bakin sabon mayafin uwarta ne da muka sayo tare a kasuwar Masjid India, ta sa almakashi ta yanko. Ta dube ni ta ce, “Kaka, boleh?” Wato ko za a iya. Ya kamata in ce a’a. Amma na ga idonta, na ga kaina a bakin kurmi da ƙwaryar dusa, sai na ce, “Kawo ganyen in riƙe miki, ke ki zura hannu ta nan.” Na riƙe ganye dabba tana ci, yarinya ta zura ’yan hannuwanta ta ɗaura. Muka dawo gida a mota tana ta waƙa, ni kuma ina jin kaina wata babbar kaka.

Bayan ’yan kwanaki ubanta ya dawo daga aiki ana ruwan la’asar ɗin nan nasu mai tsawa kamar sama za ta tsage. Ya gaishe ni a tsaye, abin da ba ya yi. Ya buɗe waya ya nuna mini hoto. Ashe sun ɗaura kyamarori a jikin itatuwa, ga barewa nan da jan ƙyalle a wuya.

“Hajiya, kin san wani abu a kan wannan?”

Kafin in buɗe baki yarinya ta fito daga ɗaki da gudu, ta faɗa masa da Turanci, da alfahari, cewa ita ce, kuma Kaka ta ce duk wadda ke da jan ƙyalle ba a taɓa ta.

Ya zauna a hannun kujera ya shafa fuska. Ya ce, “Sai da ma’aikata suka yini suna bin dabbar nan kafin su cire. In ya maƙale a reshe shaƙe ta zai yi. Supervisor ɗina ya tambaye ni, na rasa inda zan sa kaina.” Sannan ya jawo yarinyar ya yi mata bayani a hankali, rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce bareyin sun yi wa dajin yawa, babu abin da ke cinsu a ciki, babu hanyar fita, kuma duk tsiron da ya leƙo sai sun cinye. Ya ce su nasu bincike ne, su auna tsiron cikin keji da na waje, su duba lafiyar dabbobin, su kai wa hukumar kula da namun daji rahoto. Hukumar ce ta ga ya kamata a kwashe wasu a kai su babban daji can arewa, inda bareyi suka yi ƙaranci, a bar daidai waɗanda wurin zai iya ciyarwa. Tata tana cikin waɗanda za a kwashe, don waɗanda suka saba da hannun mutane su ake fara ɗaukewa daga bakin shinge.

A makaranta an koya wa su Uwata abin da ke zaune a babban dajin, damisar ƙasar nan mai zane-zane a jiki. Ta ce, “Abba, tiger will makan them?” Ban iya Turanci sosai ba, amma makan na san shi, ci ne da yaren mutanen ƙasar. Ɗan nan nawa bai iya ƙarya ba tun yana ƙarami. Ya ce wasu za su rayu su hayayyafa, wasu kuma, e, haka daji yake. Ta zare hannunta daga nasa ta shige ɗaki.

Daga ranar ta ɗauke masa wuta. Da ma ita ce mai tarar sa a ƙofa ta karɓi jaka, ita ce mai kawo masa ruwa a kofi. Ta daina. In ya shigo falo ta tashi, in ya yi mata magana ta dubi bango. Ya sayo mata abin da take so a shagon mamak, masu sayar da abincin unguwa, ta bar shi a kan tebur har ya huce. Uwar ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce, “Hajiya, ki sa baki mana, ke take ji.” Ni kuwa a jikina yarinyar ta tare, a ɗakina take yin aikin makaranta, tana ce mini ni kaɗai ce mai son dabbobi a gidan. Ga abin da na zo nema na samu, amma ban ji daɗinsa ba. Ina kallon ɗana yana cin abinci shi kaɗai kansa a sunkuye, mutumin da ya baro ƙasarsa yana fama da karatu da iyali, ya dawo gida ’yarsa tana yi masa kallon mahauci. Na san wannan zaman. Na taɓa ganin wani mutum ya yi irinsa a kan buzu.

Ga ragowar labarin da na riƙe. Da ’yan matan garinmu suka ga barewa tana ci a hannuna, kowa ta so tata. Barewa kuwa in ta haihu takan ɓoye ɗan a cikin ciyawa ta tafi kiwo, shi kuma ya lafe ko motsi ba ya yi, ko yaro zai iya ɗaukarsa. Muka gano haka. Ba maraya ba, ba komai ba, duk ɗan da muka tsinta sai mu ɗaura masa jan ƙyalle mu ce na gidan wane ne. Iyaye mata suna dariya suna yago mana tsofaffin zannuwa. Ana kai musu dusa, suka saba, suka daina tsoro. Sai kuma aka shiga yi musu hukuncin awaki, wai ɗan da mai ƙyalle ta haifa na mai ƙyalle ne. Har gardama ake yi a bakin rijiya, wannan ta ce jikar tata ce, waccan ta ce ƙarya ne. A ’yan shekaru kaɗan da wuya ka ga wuyan da babu ja a kurmin. A daidai lokacin gonaki suka matso ta kowane gefe, masu wake suka yi shingen ƙaya saboda ɓarna, kuraye da a da muke jin kukansu suka ƙaura. Bareyi suka rasa mai cinsu, suka rasa hanyar fita, suka yi ta haihuwa.

Baba ya ɗaga kwandunansa wata kaka, ina tsaye a bayansa. Na ciki ya yi tsawo har ya tanƙware a jikin kwandon. Na waje babu ko alama, ƙasa ce tsirara da sawun kofato. Ya tara dattawa a ƙofar gidan mai gari ya gaya musu. Kowa ya yarda a rage, amma da aka zo kan ta wa za a fara, sai aka shiga kallon ƙasa. Wannan ya ce tasu ta ’yar autarsa ce, wancan ya ce matarsa ba za ta bar shi ya kwana a gida ba. Maharba suka ce su ba za su ɗaga baka a kan jan ƙyalle ba, a zo ana gaba da su har jikoki. Washegari da hantsi Baba ya ce in ɗauko ƙwaryar dusa in biyo shi. Na ɗauka sabon ƙyalle za mu ɗaura. Na buga gindin ƙwarya, ta fito da ɗan takunta, ta sa baki. Ya sa wuƙa ya yanke ƙyallen ya miƙo mini, ya ce, “Tafi gida.” Ban kai bakin gari ba na gane. Ya raba naman gida-gida, bai bar ko tsoka a gidanmu ba, don kowa ya ga cewa da tasa ya fara.

Ba wanda ya bi shi. Aka ci nama, aka ce Malam ya yi ƙoƙari, kowa ya ci gaba da kai dusa. Ni kuwa na daina kai masa buta. Inna ta zage ni, ta dake ni, na ƙi. Ƙanwata ta karɓi aikin. Shi bai taɓa aikawa a kira ni ba, bai kuma taɓa yi mini bayani ba, mutanen da ba sa zama su yi wa yaro bayani. In na wuce ta zaure sai ya ɗago ya dube ni ya mayar da kai. Daga baya na koma gaishe shi kamar kowa, amma butar ban sake ɗauka ba har aka yi mini aure.

Sai aka yi wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri. Dusar da ake kai musu mutane suka koma ci da kansu. Bareyi suka cinye abin da ya rage, suka koma ɓare ɓawon itatuwa, suna miƙewa a kan ƙafafun baya suna neman ganye. Mu masu zuwa ɗiban ruwa mu muka riƙa tarar da su a kwance a bakin idon ruwan, haƙarƙari a waje, ido a buɗe, jan ƙyalle a wuya. Kowace yarinya tana gane tata. Kurciya ta yi shiru a wurin, sai fukafukan ungulu. Manyan itatuwa kam sun daɗe a tsaye, har na haifi ’ya’ya suna nan, shi ya sa mutane suka yi ta cewa kurmi lafiya lau. Amma duk wadda iska ta kayar ko tsufa ya ci, babu ta bayanta. Rana ta shiga, idon ruwa ya ja baya ya ƙafe. Zuwana na ƙarshe gida, yara na ƙwallo a wurin, an fara aza harsashin gidaje a gefe. Na tambayi wani saurayi ko ya san a nan kurmi yake, ya ce shi dai ya ji ana kiran unguwar da sunan.

Wannan duka na sani ranar da na riƙe wa yarinya ganye. Shi ya sa wata safiyar Asabar, uwar tana wanka wa jariri, uban yana falo, na kira ta ɗakina na ce ta zauna. Na ce, “Uwata, labarin barewar nan da saura.” Ta yi murmushi ta matso, gwiwarta ta taɓa tawa. Na faɗa mata duka da Hausa, ban rage komai ba, da kwanduna, da ƙwaryar dusa, da wuƙar Baba, da waɗanda muka tarar a bakin ruwa. Na ce mata ubanta aikin kakansa yake yi, kuma shi ko yanka ba zai yi ba, hanya zai buɗe musu. Na ce dajin da za a kai su akwai damisa, gaskiya ne, amma akwai abinci, akwai wurin gudu, kuma na ga abin da ke faruwa da waɗanda aka bari a inda babu ko ɗaya. Ina magana gwiwarta tana janyewa a hankali.

Da na gama idonta yana kan tabarmar sallata. Sannan ta ɗago. Tun da na zo ƙasar nan nake roƙon Allah in ji yarinyar nan ta yi mini cikakkiyar magana da Hausa, sai ga shi ta yi, babu Turanci, babu “lah”.

“Kaka, ke kin sani. Kuma kika riƙe mini ganyen.”

Na ce, “Na sani, Uwata.”

“Me ya sa?”

Na ce, “Don kina matsowa kusa da ni.”

Ta tashi ta fita. Ina zaune na ji ƙarar firiji ya buɗe, na ji ruwa yana zuba a kofi, na ji takunta ya nufi falo. Ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ji muryarsa ta canza, irin yadda take yi in yana so ya ɓoye kuka da dariya.

An kwashe bareyin a makon da ya wuce. Uwata da kanta ta ce wa ubanta ya tafi da ita ta gani, kuma ta dawo da idanu jajaye tana riƙe da hannunsa. Yanzu da yamma ina jiyo su ta bango, tana tambayarsa tsiron cikin kejin ya kai ina, na waje fa, yaushe za su kamo shi. Aikin makarantarta ya koma falo. Ni da safe takan wuce ta ƙofar ɗakina da jakarta a baya, ta dubi wani wuri. Uwar ta so ta yi mata faɗa, na ce ta ƙyale ta, gara ni da shi. Ina da bashin wannan fushin a wuyana tun ina yarinya, ban san ta hannun da zai zo ba ne kawai. Nakan ɗago in dube ta in mayar da kai, kuma ban aika a kira ta ba. Sai yanzu, da furfura a kaina, a wani bene a ƙasar mutane, na san abin da Baba yake sauraro duk lokacin da aka kira salla yana zaune a kan buzunsa. Takun mai kawo buta yake jira ya ji ko nawa ne.